Ku Tambayi Goggo: Hutun kwana huɗu ya cinye mana kuɗin haya

Jama'a barkanmu da warhaka. Wannan watan saƙonnin da suka fi yawa duk na mutanen da suka dawo daga ijaza, wato hutu, ne, kowa da kukansa, kamar an haɗa baki. Na zaɓo huɗu, sauran ku yi haƙuri, in kun karanta da kyau amsarku na ciki.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Goggo, dan Allah ki sakaya sunana. Ni matar aure ce a Makka, wajen Rusaifa muke, yarana huɗu. Da aka bada hutun makaranta zafi ya ishe mu, kin dai san Makka a watan 7, sai maigidan yace mu hau Ɗa'ifa mu sha iska na kwana huɗu. Shi ya kama shigga, wato masaukin haya, shi ya ɗauki mai da abinci, ni kuma ya bani riyal 1,500 in riƙe saboda yara da ɗan abin da ba a rasa ba. To a katina akwai wata 3,000 da muke tarawa ta haya. Goggo wallahi ban san yadda akayi ba, tun a hanyar Hada, wato hanyar dutse da ke hawa zuwa Ɗa'ifa, muka fara, zuma kilo biyu, ruwan wardi kwalba shida saboda maƙwabta, wata 'yar kwalbar man wardi, kwandunan inabi da ɓaure da rabinsu ya lalace kafin mu dawo, kayan wasan yara, sannan muka shiga mol na tarar ana rangwame na ɗauki abaya biyu da saitin tukwane wanda shi ma kashi huɗu zan biya ta waya. Da muka dawo na duba, 400 ce ta rage a katin. Haya saura sati uku, maigidan bai sani ba, zumar ma da na buɗe kamar sikari aka dafa. Bacci ya gagare ni. Yaya zanyi, kuma ya zan kiyaye gaba don a hutun sanyi Madina zamu je? Daga 'yarki, Maman yara huɗu.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Ki fara da maigidan, yau ɗin nan in ya ci ya ƙoshi ya huta, ki zaunar da shi ki faɗa masa adadin yadda yake ba ragi, don sati uku da ya sani ya fi kwana ɗaya da zai ji a bakin mai gida yana neman kuɗinsa. Zai yi faɗa, to ya yi, ki yi shiru ki bada haƙuri. Abin da bana so ki yi shi ne ki je ki ci bashi wajen wata ƙawa ko ki ɗauki adashi don ki rufe ramin a ɓoye, na ga gidajen da wannan ɓoyon ya fi asarar kuɗin yi musu illa.

Bayan nan ki haɗo duk abin da ba ki taɓa ba. Abayoyin nan in takardarsu na jiki kuma fatura, wato rasit, na hannunki, ki juya bayan faturar ki karanta, yawancin manyan shaguna suna rubuta kwana nawa suke karɓar kaya, kuma in shagon na da reshe a Makka ba sai kin koma Ɗa'ifa ba. Tukwanen ma haka in ba ki ɗora su a wuta ba. Kar ki ji kunyar mayarwa, 'yan ƙasa da kansu layi suke yi a wajen. In kuma kaya ne mai aibi aka ƙi karɓa, akwai lambar ma'aikatar kasuwanci 1900 da ake kai ƙara. Zumar bakin hanya kam ki ɗauke ta a ƙaddara, mai motar da ya sayar miki ƙila yanzu yana Baha.

Yanzu bari mu zo kan yadda akayi, tunda kince ba ki sani ba. Ni na sani, don an yi da ni. Ki tuna yadda tsayawar nan ta hanyar Hada take: kun baro zafin Makka, tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba amma kun kai tsayin sama da mita 1,800, kun sauke gilashi iska mai sanyi ta bugo ku, yara na ihu sun ga birai a kan dutse, ranki fes. Sai ga mutum da murmushi ya miƙo miki cokalin roba da zuma a kai, ya yanka wa ƙaramin yaronki ɓaure ya saka masa a hannu, ya tsiyaya wa maigida gahawa a finjali. Kin lasa, yaro ya cinye, maigida ya kurɓa. To a nan aka gama cinikin 'yata, tun kafin a faɗi farashi, saboda mu Hausawa an raine mu da kara, wanda ya baka abu ka ci da wuya ka iya juya masa baya hannu rabbana. Su kuma sun san haka sarai, ba mugunta bace, sana'arsu ce. Abin da na koya bayan na sha wuya shi ne ɗanɗano ba alƙawari bane, ki ce Allah ya saka da alheri, Allah ya kawo kasuwa, ki shige mota. Ba wanda zai biyo ki.

Ni tawa a Abha ce, shekarun baya. Wani babban saitin butar gahawa na tagulla, uku manya da ƙanana da tire, na gan shi cikin hazo da yamma yana ƙyalli nace ai wannan falo na yake jira. Har yau yana saman sif cikin ledarsa, ni da ko gahawar ma sai nayi baƙi nake dafawa, kuma a filas. Duk sanda na hau kujera zan ɗauko bargo sai mun haɗa ido da shi. Abu a garin hutu kyau yake ƙarawa, saboda farin cikin da kike ciki kike gani a jikinsa, in kin kawo shi gida sai ya koma tukunya kawai.

Man wardin nan kuma, ki sani ana tsinkar furen Ɗa'ifa ne wajen watan 3 zuwa na 4, kuma sai an dafa fure sama da 10,000 kafin a samu tola ɗaya ta mai, shi ya sa na ainihin yake da ɗan karen tsada. Duk wanda ya miƙo miki 'yar kwalba a bakin titi a watan 7 da kuɗin da bai taka kara ya karya ba yace miki asali ne, to haɗi ne. Araha ba ta ado. Ruwan wardi shi babu laifi, amma kwalba shida? Irinsa na nan a shagunan Makka, maƙwabciyarki ma ƙila tana da shi a firij.

Babban kuskurenki dai ba zuma bace ba abaya bace, katin nan ne da kika tafi da shi. Kuɗin haya ba ya zuwa yawon buɗe ido. Yanzu ko mai shayi na da na'urar shabaka, wato POS, ki ɗora kati ko waya kiji ƙit, shikenan, ba ki ƙirga komai ba, ba ki ga jaka ta rame ba, zuciya ba ta ji zafin rabuwa da kuɗin ba. Da takardun ɗari-ɗari kike zarowa wallahi da tun a rana ta biyu kin farka. Saboda haka tafiyar Madina ga yadda nake so ki yi: tun a gida ku zauna da maigida ku yanke nawa za a kashe, ki je sarraf, wato ATM, ki ciro su a hannu, ki raba su gida-gida na kowace rana a ambulan daban, na tsaraba ma ambulan ɗinsa daban da sunayen waɗanda za a saya wa a rubuce a bayansa. Katin da kuɗin haya ke ciki ya kwana a Rusaifa, ki cire shi daga wayar ma. Maigida ya riƙe nasa saboda lalura, mota ko asibiti Allah ya kiyaye. In ambulan ɗin Talata ya ƙare da la'asar to Talata ta ƙare, a koma Harami a zauna, zama a can kyauta ne.

Yara kuma ki daina zama bankinsu. Kowa ki damƙa masa nasa da safe, ko riyal 15 ne ko 20, ki ce na yau kenan. Za ki sha mamaki, yaron da yake birgima a ƙasa saboda bindigar ruwa in kuɗinki ne, in nasa ne sai ya zagaya shago sau uku yana lissafi ya fito da alawa ɗaya.

Sai maganar biya kashi huɗu. Kamfanonin biya kashi-kashi irin su Tabby da Tamara sun shiga ko'ina yanzu, kuma ga wanda firij ɗinsa ya mutu tsakiyar zafi suna da rana. Amma ki kira abin da sunansa, bashi ne. Idonki 200 yake gani alhali 800 kika amsa, kuma sauran ukun za su riƙa zuwa ne a watannin da hutu ya riga ya wuce, ga kayan makaranta ga wuta ga haya. Ni ƙa'idata ba a cin bashi a kan abin da ba a fito gida dominsa ba. Rangwame ma haka, abayar da aka rage daga 400 zuwa 250 ba 150 kika samu ba, 250 kika fitar a kan abin da jiya ba ki san da shi ba. In abu ya shiga ranki sosai ki ɗauki hotonsa ki ce sai gobe, ki kwana, in kin tashi har yanzu yana ranki kuma ambulan zai ɗauka to ki koma. Sau da yawa ko tunawa ba za ki yi ba. A Madina dabino ne zai ja ki, ki bar shi sai ranar ƙarshe, kar ki saya a shagunan ƙasan otal na kusa da Harami don hayar wurin a kanki za a fanshe, ki sa a kai ki kasuwar dabino ki zagaya ki ji farashi wajen mutum uku. Ajwa kilo ɗaya ta isa gida don albarka, na rabo ki ɗauki safawi ko sukkari.

TAMBAYA: Goggo ina wuni. Ni direba ne a Jidda shekara tara kenan, duk bayan shekara biyu nake zuwa gida Kano. Wancan zuwan na tafi da riyal 14,000 da na sha wahala na tara, banda tsarabar da na cika jaka huɗu har na biya kuɗin kilo a filin jirgi. Wallahi sati uku ba a yi ba na koma neman na cefane, ƙarshe ƙanena ne ya ranta min na cika kuɗin tikitin dawowa. Na sai waya, na sai babur da nace za a riƙa haya da shi yanzu yana jingine, sauran kuma ban ma san inda suka shiga ba. Wata biyu masu zuwa zan sake tafiya, ina jin tsoro. Ɗanki a Kilo 14.

AMSA: Lafiya lau ɗana, Allah ya yi wa nema albarka. Ciwonka ciwon duk wanda ya taɓa canza riyal ne a Wapa. A nan 14,000 ka san ta, ka san wata nawa ka yi kana cin ful da tamis kafin ta taru. Amma da ka sauka a filin Malam Aminu Kano aka mayar maka da ita naira, musamman tun 2023 da naira ta zube, sai ka ga miliyoyi a waya, kanka ya ɗauka kai wani ne. Ka manta kayan can ma sun tashi daidai da canjin. Ga kuma suna, Alhaji ya dawo daga Saudiyya, tun asuba ana sallama, wannan matarsa ta haihu, wancan za a kore shi daga gidan haya, abokan da rabonka da su tun firamare duk sun samu lambarka. Kai kuma kana jin nauyin a ce ka dawo ba komai, sai ka riƙa zarowa don ganin ido.

Abu na farko, tikiti na zuwa da dawowa za ka yanka tun a nan, kar ka sake tafiya da ƙafa ɗaya. Bizar fita da dawowa riyal 200 ce na wata biyu, kowane ƙarin wata 100, ka tabbatar kwanakinta sun rufe tafiyarka har da ɗan sarari, don mutane da yawa rashin kuɗin tikiti ne ya zaunar da su har biza ta mutu aikin ya tafi. Sannan ka bar kuɗin wata guda cur a asusunka na nan wanda ba za ka iya taɓawa daga can ba, saboda ranar da ka dawo albashi ba jiranka yake a bakin ƙofa ba.

Sauran kar ka canza su gaba ɗaya rana guda. Ka canza na sati, in ya ƙare ka canza wani. Na iyaye da iyali ka ware shi tun kana Jidda ka rubuta, ka miƙa musu a daren da ka sauka kafin gari ya san ka zo. Na masu sallama ka yanke masa adadi shi ma, zumunci ne kuma akwai lada, amma in ya ƙare ka buɗe baki ka ce wallahi abin da na zo da shi ya ƙare, Allah ya hore. Za a yi gunaguni kwana biyu. Waɗanda suka ci kuɗin wancan zuwan waye a cikinsu ya cika maka na tikiti? Ƙaninka ne kaɗai.

Tsaraba kuma ka rage wa kanka wahala. Ka juya dardumar da kake saya a Bab Makka ka karanta takardar jikinta, Turkiyya ce ko Sin, irinta na jibge a Kantin Kwari, kai kuma ka biya harajin kashi 15 a nan ka biya kuɗin kilo a jirgi don kawai a ce daga Saudiyya ta zo. Ka duba nauyin da tikitinka ya baka, yawanci jaka biyu masu kilo 23, ka auna a gida, abin da bai shiga ba ba rabonsa bane. Dabino da turare da 'yan jallabiyoyin tsofaffi sun wadatar. Batun babur da irinsa, duk wata sana'a da aka kawo maka kana hutu aka ce sai yau-yau, ka ce ka ji, za ka yi shawara in ka koma. In ta gaskiya ce za ta jira ka wata biyu.

TAMBAYA: Goggo ni tawa gajeriya ce. Mun zo Jidda hutu daga Madina, na shiga kasuwar Balad na ga wata sarƙa da 'yan kunne na saya ba shiri da kuɗin da nake tarawa na koyon ɗinki. Yayata tace ba komai ai zinare ajiya ne ba a asara. Haka ne? Ƙanwarki a Madina.

AMSA: Da gaskiyarta rabi. Zinare na riƙe daraja, amma abin da kika biya ba na zinaren kaɗai bane. Ki ɗauko faturar ki gani, akwai kuɗin giram na ranar, akwai masna'iyya wato ladan ƙira da ake ɗorawa kan kowane giram, sannan harajin kashi 15 da ake karɓa tun watan 7 na 2020. Ranar da kika kai shi sayarwa mai shago zai ɗora a sikeli ya cire nauyin duwatsun ado in akwai, ya biya ki kuɗin zinaren tsura, ƙira da haraji sun tafi. In kuma karat 18 ne ba 21 ba to zinaren cikinsa kashi 75 ne cikin ɗari, na 21 kuma 87.5. Kenan in kika sayar gobe sai kin yi asara, sai dai ki riƙe ya daɗe farashi ya hau ya rufe giɓin. Tunda an riga an saya ki adana shi da faturarsa, ki fara sabon tari, amma wannan karon ki biya kuɗin makarantar ɗinkin tun kafin wani hutun ya zo. Yayarki kuma ki tambaye ta ko za ta saye shi yadda kika saya.

TAMBAYA: Goggo ni nawa mijin akasin haka ne, mun je Yanbu kwana uku ko tsinke bai saya ba, daga bakin teku sai masauki, abinci ma rabi daga gida na dafo. Wannan ba rowa bace? Daga wata baiwar Allah a Shara Mansur.

AMSA: 'Yata ya kai ku Yanbu, ya biya masauki, yara sun shiga ruwa? To ki karanta wasiƙar farko ta sama sau biyu. Amma shi ma ki gaya masa inji Goggo, rana ɗaya cikin ukun ya sauke ki daga girki ya sai muku kifi a can, wanda ya je Yanbu bai ci kifi ba ai da saura. Kuma ya ba yaran ko riyal goma-goma su sai abin da ransu ke so.

Masu tambaya kan kuɗin makarantar yara da sabunta iƙama, wato katin izinin zama, na ga saƙonninku, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.